Abin Da Ya Kan Kayar Da Jirgin Fasinja In Ana Yaƙi

Da ma mun saba a wannan fili mu yi ta zancen reno da girki da tsabtar gida. To, makon nan ina so ku ba ni aron hankalinku, mu ɗan leƙa sararin sama. Da wuya a sami wata a cikinmu wadda ba ta taɓa raka wani nata filin jirgi ba, ko miji, ko ɗa, ko uwa za ta Makka. Kun kuwa san yadda a ke ji. In jirgi ya ɗaga, zuciya ba ta kwantawa sai an ji ya sauka lafiya. Nan fa zaman lafiya a ke yi. To, ina ga in ana yaƙi?

A zamanin Yaƙin Hitila, watau daga 1939 zuwa 1945, jiragen fasinja ba su daina tashi ba. Ko a ƙasarmu, cikin 1941 da 1942 jiragen kamfanin Pan American sun yi ta ratsa Kano da Maiduguri su nufi Hartum. Mutum zai zaci duk jirgin da ya faɗi a shekarun nan harsashi ne ya kayar da shi. A'a, ba kullum ba. Yaƙi ya kan ɗauke wa matuƙi abubuwan da ke tsaron ransa, har kuskure ɗan ƙanƙane, wanda da can da an tsira, ya zama ajalin mutane. Ga labaru uku, ku auna ku gani.

Na farko ya auku a Amurka. Akwai wata 'yar wasan silima wai ita Carole Lombard, matar Clark Gable, shi ma shahararren ɗan wasa ne. Da Japan ta kai wa Amurka hari ran 7 ga Disamba 1941, Gwamnati ta shiga neman rance wurin jama'a don ta yi yaƙi da shi. Carole ta tafi jihar da aka haife ta, Indiyana, don ta sa mutane su sayi takardun rancen. A yini ɗaya ta tara fiye da dala miliyan 2. Da ta gama sai ta ƙosa ta koma gida wurin mijinta a Kalifoniya. Mahaifiyarta, wadda ta rako ta, tsoron jirgin sama ta ke yi, ta fi son su bi jirgin ƙasa. Amma 'yar ta rinjaya, suka shiga jirgin kamfanin TWA ran 16 ga Janairu 1942.

A hanya, a wani gari wai shi Albuquerque, aka sauke waɗansu fasinjoji don a sama wa soja 15 wuri, gama a lokacin nan soja a ke fara ba kujera. Carole ta ce ita ma aikin yaƙi ta fito, aka bar ta da mutanenta. Bisa tsari jirgin zai sha mai ne a Boulder City, amma dare ya yi musu, filin can kuwa ba fitilun saukar dare, sai suka sauka Las Vegas.

Nan ne fa matsalar ta ke. A zamanin nan an jera manyan fitilu bisa hasumiyoyi, suna juyawa, matuƙi na bin su da dare kamar yadda matafiyi ke bin turakun waya. Amma don tsoron kada jiragen Japan su amfana da su, an kashe galibinsu a wannan yanki. Ga shi kuma matuƙan sun tashi daga Las Vegas da lissafin hanyar da a kan bi in an tashi daga Boulder City. Kamar dai mace ce ta saba hanyar rijiya daga gidan ubanta, ta yi aure wata unguwa, ta fita da duhu ta bi ƙafar da ta saba. Bayan kamar minti 15 da tashi, jirgin ya daki dutsen Potosi, saura ƙiris ya tsallake ƙwanƙolinsa. Mutum 22 ke ciki, ba wanda ya fita. Carole tana da shekara 33, ita da mahaifiyarta suka tafi tare, kwana 40 daidai bayan harin Japan.

Masu bincike suka ce sama garau ta ke a daren, injuna kuma lafiya lau. Suka ɗora laifin kan babban matuƙi, don bai bi alamar wayar iska wadda ke nuna hanya ba, alhali tana aiki. Gaskiyarsu. Amma da fitilun na ci, da wataƙila ya ga ya kauce tun da sauran dama. Mijinta ya zo Las Vegas ya yi ta jira, har aka sauko da gawarta. Sauri dai ya haifi nawa.

Labari na biyu ya fi ban takaici, don wasa ne ya jawo shi. Yaƙi ya cika sararin Amurka da jiragen soja, samari ne kuwa ke tuƙa su, jini na tafasa. Ran 22 ga Oktoba 1942 da dare, wani hafsan soja mai tuƙin jirgin jefa bom ya gamu da abokinsa, mataimakin matuƙi a kamfanin American Airlines. Suna hira suka gane gobe hanya ɗaya za su bi, kusan lokaci ɗaya. Sai suka shirya za su gaisa a sama.

Kashegari jirgin fasinja ya tashi daga Burbank a Kalifoniya za shi New York. Da suka kai kusa da Palm Springs, sojan ya hango shi, ya matso, ya kaɗa fikafikan jirginsa alamar gaisuwa. Bai ga an amsa ba, sai ya ƙara matsowa. Kai, kafin a ce me, farfelar jirginsa ta sare wutsiyar jirgin fasinja. Jirgin ya yi ta wulwulawa har ƙasa. Mutum 12 ke ciki, duk suka hallaka, har da abokin nasa. Shi kuwa sojan ya sauka lafiya. Masu bincike suka ce ganganci ne da rashin hankali irin nasa suka jawo haɗarin, amma da aka kai shi kotun soja sai aka sallame shi. Bakin rijiya ai ba wurin wasan makaho ba ne. Ku tuna, kowane ɗaya daga cikin mutum 12 ɗin nan akwai gidan da aka ɗora tukunya ana jiransa.

Na uku shi ne na harsashi sosai. Ƙasar Fotugal ba ta shiga yaƙin ba, saboda haka birninta Lizbon ya zama ƙofar shiga Turai da fita. Kamfanin BOAC na Ingila yana jigila tsakanin Lizbon da wani fili kusa da Bristol. Jiragen da matuƙansu na mutanen Holan ne, waɗanda suka tsere Ingila sa'ad da Jamus ta ci ƙasarsu a 1940. Hanyar ta ratsa tekun Biskay, inda jiragen yaƙin Jamus ke sintiri suna tsaron jiragensu masu tafiya ƙarƙashin ruwa. An kuwa shafa wa jiragen fasinjan fenti irin na ɓad da kama, wanda daga nesa bai bambanta da na soja ba.

Akwai jirgi guda mai suna Ibis. Sau biyu Jamusawa na harbinsa yana sha da ƙyar, a Nuwamba 1942 da Afrilu 1943. Duk da haka aka ci gaba da bin hanyar da rana tsaka. Ran 1 ga Yuni 1943 ya tashi daga Lizbon da fasinja 13 da ma'aikata 4. A cikinsu akwai Leslie Howard, ɗan wasan silima na Ingila, wanda ya fito tare da Clark Gable a fim ɗin Gone with the Wind. Akwai kuma wata uwa da 'ya'yanta mata biyu, babbar shekara 11, ƙaramar wata 18. Don a sama wa Leslie Howard da abokin tafiyarsa wuri, aka hana wani yaro mai shekara 7 da mai renonsa kujerunsu. Lalle ranar an ɓata wa yaron nan rai. Ashe wani hani ga Allah baiwa ne. Ya rayu ya girma, har shi ma ya zama ɗan wasa.

A tsakiyar teku jiragen yaƙin Jamus 8 suka tare Ibis. Mai wayar iska ya aika ya ce ana bin su, sa'an nan ya ce ana harbinsu, daga nan shiru. Ba a ga jirgi ba, ba a ga gawa ko ɗaya ba.

Me ya sa aka harbe shi? An daɗe ana gardama. Waɗansu suka ce abokin tafiyar Leslie Howard mutum ne mai jiki, mai shan sigari, 'yan leƙen asirin Jamus a Lizbon suka ɗauka Cocil ne, Firayim Ministan Ingila, wanda a kwanakin nan yana Afirka ta Arewa, ana sa ran komowarsa gida. Cocil kansa ya yarda da wannan magana. In haka ne, kama da wane ba ta wane. Amma matuƙan Jamus da suka rayu bayan yaƙi sun ce su ba wanda ya gaya musu akwai jirgin fasinja a hanyar, jirgin abokan gaba suka zata, ba su gane ba sai da wuta ta riga ta kama shi. Ko wace ce gaskiya, abu ɗaya ne tabbas: sai bayan mutum 17 sun tafi aka mai da tafiyar ta dare, aka kuma karkata hanyar can yamma cikin teku. Da an yi haka tun harin farko, da uwar nan da 'ya'yanta sun isa.

To, kun ga sababi uku ke nan. An kashe fitila, an bar matuƙi da duhu. An cika sama da samarin soja. An kuma sa jirgin bayin Allah ya bi ta bakin bindiga, ya yi kama da na yaƙi. A kan waɗannan a ƙara labarin iska da hadari, wanda aka hana watsawa a fili don kada abokan gaba su ji, da gaggawar da yaƙi ke sa wa kowa.

Manya sun ga haka. A Disamba 1944, tun yaƙi bai ƙare ba, ƙasashe 52 suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Cikago, suka tsara ƙa'idodin zirga-zirgar jiragen fasinja. A 1984 aka ƙara doka a fili cewa kada wata ƙasa ta ɗaga makami kan jirgin fasinja yana tafiya. Amma doka a takarda ba ta riƙe hannun mai bindiga in tsoro ya kama shi. A 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka ya harbo jirgin fasinjan Iran mai zuwa Dubai, mutum 290 suka mutu, 66 yara ne. A 2014 aka harbo jirgin Malesiya a gabashin Yukiren, mutum 298. A 2020 sojan Iran suka harbo jirgin Yukiren yana tashi daga Tehran, mutum 176.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun je filin jirgi aka ce an jinkirta tashi don hazo, ko an sake hanya don ana faɗa a wata ƙasa, kada ku yi tsaki ku ce an ɓata muku lokaci. Gara a kwana kan benci a filin jirgi da a yi zaman makoki a gida. 'Ya'yanmu kuma da ke sha'awar tuƙi, ko na mota ko na jirgi, mu koya musu tun suna ƙanana cewa wanda ya ɗauki ran mutane a hannunsa ba shi da abokin wasa sai ya sauke su.

Allah ya ji ƙan musulmin da suka riga mu, ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo mana da su lafiya, ya kiyashe mu da ganin yaƙi. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.