Yarjejeniyar ECOWAS da Gyaran da Aka Yi Mata

Duk ɗalibin da ya fito daga Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ya saba ganin manyan motoci cike da masara sun nufi arewa. Wata masarar ba ta tsayawa sai ta ƙetare Jibiya ta shiga Maraɗi. Shanu kuwa sukan gangaro mana daga can. Wannan kai da kawowa ya girmi kowace gwamnati, amma akwai takardar da ta ba shi ƙarfin doka, ita ce yarjejeniyar Ƙungiyar Raya Tattalin Arzikin Yammacin Afirka, watau ECOWAS.

Ƙasashe 15 ne suka sa hannu a kanta a Ikko ran 28 ga Mayu, 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Shugaba Eyadema na Togo. Bayan wata biyu kacal aka hamɓarar da Gowon. A 1979 aka ƙara wata ƙa'ida wadda ta yarda ɗan ƙasa ɗaya ya shiga ɗaya ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba.

To, me ya sa aka gyara ta? Dalili shi ne yarjejeniyar farko ba ta da haƙora. Abin da shugabanni suka zartar yana hawa kan ma'aikatun ƙungiyar ne kawai, ƙasa kuwa in ta ga dama ta bi, in ba ta ga dama ba ta kau da kai. Mu kanmu mun gwada haka a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, yawancinsu 'yan Gana. Kana yaƙin Laberiya ya ɓarke a 1989, aka tura rundunar ECOMOG a 1990, alhali yarjejeniyar 1975 maganar ciniki take yi. Saboda haka aka kafa kwamitin dattawa, aka kuma ba Gowon ɗin nan shugabancinsa. Daga aikinsu aka sami sabuwar yarjejeniya wadda aka sa wa hannu a Kwatano ran 24 ga Yuli, 1993.

Babban canjin shi ne hukuncin shugabanni ya zama wajibi a kan ƙasashe su kansu. An tanadi majalisa, an ƙarfafa maganar kotu, an sa batun tsaro, an kuma kawo haraji a kan kayan da ke shigowa daga wajen yankin domin ƙungiya ta daina jiran gudummawar da ba a biya. A ganinmu kotun ce ta fi amfanar talaka, musamman daga 2005 da aka ba mutum ɗaya damar kai ƙarar gwamnati. Haka Hadijatou Mani, wadda aka sayar baiwa tana yarinya, ta kai ƙarar Nijar, ta kuma yi nasara a 2008.

Amma sashe na 91 ya bar ƙofar fita: ƙasa ta ba da sanarwar shekara ɗaya, shi ke nan. Muritaniya ta bi ta nan a 2000. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta yi amfani da haƙoranta, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Wanda ya ji jiki shi ne ɗan kasuwa da direba da manomi, a Maraɗi da nan Katsina, ba sojan da ke fadar Yamai ba. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun ce za su fita, fitar kuwa ta tabbata ran 29 ga Janairu, 2025. Ƙasashe 12 suka rage.

ECOWAS ta ce kafin a gama shawarwari mutanen ƙasashen uku su ci gaba da shiga da fita kamar da. Sai dai wannan alfarma ce, ba haƙƙi ba, kuma sashe na 91 bai faɗi makomar makiyayi ko ɗan kasuwar da ke tsakanin ƙasar da ta fita da wadda ta tsaya ba.