Idan bandeji ya manne wa miki, a jiƙa shi, kada a fizge

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa Gidan Rumji da Agiye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram, ba ta rabo da masu ƙujewa. Ɗan kabu-kabu ya zame a rairayin da iska ta tara bakin kwalta, yaro ya faɗo daga amalanke, ɗan makaranta ya sha ƙasa wajen ƙwallo. Ciwon ba wani babba ba ne, akan wanke a ɗaure a koma harka. Wahalar sai a kwana na biyu ko na uku, sa'ad da aka zo canza ɗauri aka tarar ƙyallen ya kama nama ƙam. Nan ne wani babba zai ce, "Cije haƙoranka, sau ɗaya ne," ya fizge. Jini ya ɓalle, yaro ya ƙwalla ƙara, aikin da jiki ya kwana biyu yana yi ya koma baya.

Me ke sa ƙyalle ya manne? Fatar da ta ƙuje tana fitar da wani ruwa mai fatsi-fatsi, wanda ke ɗauke da sinadarin da ke sa jini ya daskare. Ƙyallen yakan tsotse ruwan nan, idan ya bushe sai ya zama danƙo tsakanin zare da nama. A busasshiyar iskar hunturu ko zafin bazarar Maraɗi, bushewar ba ta ɗaukar lokaci. Idan kuma ɗaurin ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, sabon jan naman da ke tofowa, mai cike da ƙananan hanyoyin jini, yakan kutsa cikin ramukan saƙar. A daidai wannan lokaci sabuwar fata tana rarrafowa daga gefen mikin da kuma daga gindin gashi, siririya ƙwarai, ido bai cika ganinta ba. Wanda ya fizge ƙyalle, da ita yake tafiya. Ya fama ciwon ke nan, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ya ƙara wa tabo girma.

Duk macen da ta san tukunya ta san ba a kankare ƙanzo a bushe. Ruwa ake zuba masa a bar shi ya saki. Haka ake yi wa ɗaurin da ya manne. A fara da wanke hannu da sabulu. A samo ruwan gishirin da ake sayarwa a kantin magani, ko a haɗa shi a gida: a tafasa ruwa lita ɗaya, a zuba gishiri giram 9, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, a bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. Idan babu gishiri, tafasasshen ruwa zalla ma ya wadatar. A ɗaye filasta a hankali ta inda gashi ya kwanta, ana danne fata da yatsa. Sannan a jiƙa ƙyallen sharkaf, ko a tsoma gwiwar ko hannun cikin kwano mai tsabta, a jira minti 10 zuwa 15. A ɗaga gefe ɗaya, ana ja a kwance kusa da fata. Inda ya tirje, a tsaya, a ƙara ruwa, a sake jira. Abin da ya saki ana iya yanke shi da almakashin da aka tafasa, don kada nauyinsa ya ja sauran. Idan yaro ne, shan farasitamol daidai nauyinsa rabin sa'a kafin a fara yana rage raɗaɗi. Idan ɗan jini ya fito, a danne da ƙyalle mai tsabta na minti 10. Idan kuwa an jiƙa an sake jiƙawa bai saki ba, a rufe shi haka nan a tafi cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa.

Kada a nemi ɓamɓare shi da alkol, domin yana ƙona sabuwar fatar da ake son ceto. Toka, ƙasa, man birki, baƙin man inji da garin kafso da wasu ke barbaɗawa, duk ƙazanta suke ƙarawa.

Mafi sauƙi dai shi ne a hana mannewar tun farko, kuma a nan ne muke da gyara a tunaninmu. Mun taso muna jin "bar shi ya sha iska ya bushe." A 1962 wani masanin Ingila, George Winter, ya gwada wannan a kan fatar aladu. Ya gano cewa raunin da aka rufe ya zauna da danshi yana yin sabuwar fata da saurin da ya kusa ninka na wanda aka bari a buɗe ya yi ɓawo. A 1963 wasu likitocin Amurka biyu, Hinman da Maibach, suka ga irin haka a jikin mutane. Dalilin a fili yake: a ƙarƙashin busasshen ɓawo, sai sabuwar fata ta haƙa ƙasa ta nemi danshi kafin ta ci gaba, alhali a kan miki mai laima zamewa kawai take yi.

Tun kafin wannan bincike, yaƙin duniya na farko ya riga ya koya wa Faransawa darasin. Auguste Lumière, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka fara nuna sinima a 1895, ya ƙirƙiro wani ƙyalle mai raga-raga da aka jiƙa da mai, don kada ɗauri ya riƙa yage naman sojojin da suka ji rauni. Shi ne tulle gras, kuma har yau da wannan suna ake tambayarsa a kantin magani. Wanda bai samu ba, ya shafa basilin fari marar turare, shafi kaɗan, a kan mikin da aka wanke, sannan ya ɗora ƙyallen asibiti. Kada auduga ta taɓa miki kai tsaye, domin zarenta na maƙalewa. A canza ɗauri kullum, ko da zarar ya jiƙe ko ya yi datti. Ƙujewa marar zurfi da ta samu wannan kulawa takan rufe cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Akwai lokacin da aikin ya fi ƙarfin gida. A fatarmu ja ba ya saurin bayyana, saboda haka a lura da kumburi, da zafin wurin idan an taɓa, da zogin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da mugunya, da wari, da kaluluwa, da zazzaɓi. Mai ciwon suga, da mai sikila, da yaron da ke fama da tamowa, mikinsu na saurin komawa gyambo, gara su ga ma'aikacin lafiya tun ranar farko. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a cibiyoyinta.

Sai kuma tetanos, cutar sarƙewar haƙora. Ƙwayarta na zaune a ƙasa da kashin dabbobi, wato a gona da turke da kasuwar dabbobi, kuma takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, wani lokaci bayan an manta da shi. Maza manya su ne suka fi zama ba allura, tun da mata kan samu tasu wajen awon ciki, yara kuma wajen rigakafi. Duk wanda ya ƙuje a ƙasa bai san ranar da ya yi allurarsa ta ƙarshe ba, ya je ya tambaya.

Roƙona ga ma'aikatan lafiya na Gazawa da Agiye da Gidan Rumji shi ne, kada a sallami mai rauni da ɗauri kawai. A gaya masa ranar da zai canza, a nuna masa yadda ake jiƙawa, a duba maganar allurarsa kafin ya fita. Ga iyaye da 'yan kabu-kabu kuwa, gishiri yana kowane gida, ƙaramar kwalbar basilin ba ta fi ƙarfin aljihu ba, minti 15 na haƙuri kuma ya fi mako guda na sabuwar jinya sauƙi.