Gidan da kuka gina kuka kulle a Ashige, wa ke kwana a ciki?

Bara, saura kwana huɗu Babbar Sallah, baffana ya kira ni daga Lokpanta ya ce in je in buɗe gidansa a share, yana tafe da iyali. Gidan yana bakin gari ne nan Ashige, ɓangaren da sababbin gine-gine suka fara cin gonaki, ba nisa da titin Lafiya zuwa Shendam. Wata bakwai ba wanda ya kwana a ciki. A ɗakin ƙarshe akwai buhunan masara da ya sa aka saya masa da kaka, wai sai ta yi tsada. Ina jan buhu na biyu sai ga gamsheƙa ta fasa kai. Wallahi ban san lokacin da na kai tsakar gida ba, takalmi ƙafa ɗaya.

Da na ba shi labari cewa ya yi turo ta aka yi. Na ce Baffa, ba wanda ya turo ta, masararka ce ta gayyato ta. Shi ya sa nake rubuta wannan gare ku 'yan'uwa da ke kurmi, masu turo kuɗi a yi gini a gida, sai Sallah ko biki ku zo.

Maciji ba neman mutum yake yi ba, abinci yake bi da wurin ɓuya. Hatsi na jawo ɓera, ɓera na jawo maciji. Akurkin kaji ma haka, gamsheƙa na son ƙwai da 'yan tsaki. Inda ruwan wanka ke taruwa bayan banɗaki kwaɗi ba sa rabuwa da wurin, kwaɗi kuwa tuwonta ne. Sai ka haɗa da bulon da ya yi ragowa aka jibge a kusurwa, tsofaffin kwanon rufi, tarin itace, ciyawa har gindin katanga. Farkon damina ruwa ya cika musu ramuka, dole su nemi busasshen wuri, ga ɗaki a kulle ba motsin kowa. Kuma kar mu manta, filin da aka yi ginin nan shekara biyar baya gonar doya ce. Mu muka same su.

Iri uku aka fi tsoro a nan. Gamsheƙa mai tofi, ido take nema; in ta samu mutum, a wanke idon da ruwa mai yawa nan take, a daɗe ana wankewa, ban da murzawa, sannan a tafi asibiti. Kasa kuma gajeriya ce mai ƙiba, ba ta gudu, sai an taka ta. Amma wadda ta fi kashe mutane a ƙasashen nan na kwarin Binuwai ita ce kububuwa, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, ko tsawon hannu ba ta cika kaiwa ba. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai ga ɗan kumburi ne kawai, ya ce ai da sauƙi, ya kwana gida. Washegari ko jibi sai jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon ciwon da ya kusa warkewa. A nan ake asarar rai, a wannan jiran.

Na gani da idona a kan yaron maƙwabcinmu, da aka aika ya ɗauko bulo da magariba. Kafin a ce me, an ɗaure ƙafar da roba tamau, an tsaga da reza, an manna baƙin dutse. Duk kuskure ne. Tsaga ga wanda jininsa ya daina daskarewa ƙarin ƙofar zuba ce, ɗauri mai tsanani kuma yana iya kashe ƙafar ɗungurungum. Sai da gari ya waye aka kai shi Lafiya, Allah Ya yi da sauran kwana. Abin da ya kamata shi ne a kwantar da hankalinsa, a cire zobe ko abin hannu kafin kumburi, kar a bar shi ya taka da ƙafarsa, a ɗora shi a mota ko mashin. Kar a ba shi aspirin ko diclofenac, suna ƙara zubar jini. Kar kuma a tsaya farautar macijin, in an samu hoto daga nesa ya isa.

A asibiti akwai gwaji mai sauƙi: a ɗebi jini a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, a jira minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Wadda aka fi sani ita ce EchiTAb, da aka haɗa da dafin macizan ƙasar nan. Ba kowane asibiti ke da ita ba, wannan ita ce gaskiya, don haka a yi tambaya tun kafin buƙata ta taso. Kaltungo a jihar Gombe da Zamko wajen Langtang a jihar Filato sun daɗe da suna a wannan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma sai 2017 ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Af, zancen nan na cewa in ka kashe maciji matarsa za ta ga hotonka a idonsa ta biyo ka ramuwa, wannan a fim ɗin Indiya ne, irin su Nagin. In ka ga na biyu a gidanka, abin da ya kawo na farko ne bai tashi ba.

Bayan Sallah ga abin da muka yi wa gidan Baffa, kuma kuɗinsa bai kai na buhun masara biyu ba. Birkila ya toshe tsagar gindin bango da ramukan ɓera da siminti. Ƙasan ƙofofi, inda yatsa ke shiga, aka sa musu faifan ƙarfe. Rariyar tsakar gida da bututun banɗaki aka ɗaura musu ragar waya, don ta nan suka fi shigowa kuma ba mai lura. Buhuna muka ɗora kan katako, nesa da bango, yadda za ka leƙa bayansu ba tare da ka sa hannu ba. Bulo da itace aka kwashe zuwa can ƙarshen fili, ciyawa aka nome ta taku uku daga katanga. Baƙin mai da kananzir da mutane ke zagaye gida da su, ni dai ban yarda da su ba, ruwa ɗaya ya wanke su.

Abin da ya fi wuya shi ne shawo kan Baffa ya bar mutum ya zauna a gidan. Da farko ya ƙi, wai 'yan haya ɓata gini suke yi. Da Inna ta ce ita da yara ba za su ƙara kwana a ɗakin da aka wata bakwai ba a buɗe ba, sai ya sauko. Yanzu wani malamin firamare ne a ɗaki ɗaya, kyauta, sharaɗinsa shara da noman ciyawa. Ni kuma duk Juma'a nakan zagaya da tocila da doguwar sanda, takalmina rufaffe.