Abin da Ke Kashe Kifi a Tafki da Asuba

In kifi ya mutu a tafkin kiwo, akan ce maƙiyi ne ya zuba guba, har a kai ƙara gaban hakimi. Galibi kuwa ba haka ba ne. In taki ya yi yawa, ƙananan tsire-tsire, waɗanda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, sukan yaɗu har ruwa ya koma kore shar. Da rana suna ba ruwan iska, da dare kuwa su shanye ta. Shi ya sa da asuba karfasa kan taso tana haki, amma tarwaɗa ta jure, domin tana iya shaƙar iskar sama. Saboda haka kafin a zargi kowa, lalle hakimi ya aiki malaminsa ya dubo launin ruwan. In kore ne, a dakatar da taki, a kwararo sabon ruwa, a binne matattun nesa da tafkin.