Kurakuran da Ke Kashe Bawul Kafin Lokacinsa

Bawul, wato makullin da ake ɗaurawa a jikin bututu domin a buɗe wa ruwa hanya, a rage shi ko a tare shi, yana cikin kayan da aka fi yi wa sakaci idan an haƙa rijiyar burtsatse, domin hankalin mai gida yakan tafi kan injin famfo da tanki, bawul kuwa sai a sayi mafi araha.

Kuskuren farko tun a wurin saye yake, saboda kowane bawul da aikin da aka ƙera shi dominsa. Mai ƙofa, wanda faifan ƙarfe ke sauka a cikinsa ya datse hanya, an yi shi ne don a buɗe duka ko a rufe duka. Idan aka bar shi rabi da nufin rage ruwa, ruwan da ke kutsawa ta ƙarƙashin faifan yana girgiza shi yana cin bakinsa, har wata rana a murɗe shi iyaka amma ruwa ya ci gaba da tsiyaya. Mai ƙwallo kuwa, wanda juyin kwata ke rufewa, haɗarinsa a saurinsa yake. Ruwan da aka tsayar farat ɗaya yana dukan bututu daga ciki, kuma tun 1898 masanin nan na Rasha, Nikolai Zukofski, ya nuna a Mosko cewa dukan yana ƙaruwa daidai da gudun ruwan: a bututun ƙarfe, tsayar da ruwa mai gudun mita ɗaya cikin daƙiƙa yana iya ƙara matsin da ya kai nauyin ruwa mai tsayin mita 100. Ƙarar da ake ji a bango bayan an rufe famfo, wannan dukan ne, kuma shi ke kwance mahaɗai.

Wajen ɗaurawa, kibiyar da ke jikin bawul mai hana ruwa komawa tana nuna inda ruwa zai dosa, kuma idan aka juya ta, injin zai yi ta aiki tanki bai cika ba. Yashin rijiya da ɓurɓushin da ba a wanke daga bututu ba suna karce mazaunin bawul, matsewa fiye da kima da babbar sifana kuma tana tsaga tagulla.

Bawul ɗin da ya shekara ba a taɓa shi ba, tsatsa da gishirin ruwa sukan kafe shi, shi ya sa ƙwararrun masu gyaran famfo suke rufe shi su sake buɗewa duk bayan 'yan watanni.