Okid: Furen Dajin Da Ya Zama Hajar Kan Iyaka

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ratsa garin Tunduma, a kan iyakar Tanzaniya da Zambiya, zai iya cin karo da buhunan wani saiwa mai kama da ƙananan dankali. Ba dankali ba ne, saiwar furen daji ne da Turawa ke kira okid.

Ɗaya daga cikin irinsa shi ne wanda masana tsirrai suka raɗa wa suna Disa erubescens. A ƙasa yake tsirowa, cikin ciyayin tuddai masu sanyi. Karansa siriri ne, miƙaƙƙe, yakan kai gwiwar mutum ko ya ɗara. Furensa ja ne mai ruwan lemo, ɓangarensa na sama ya rufo kamar hula, da ɗigo-ɗigo a ciki da ɗan ƙaho a baya.

Sirrin tsiron yana cikin saiwar. Ita ce rumbunsa. Da rani ganye ya bushe, idan damina ta sauka sai ya farfaɗo daga gare ta, ya kuma yi sabuwa domin baɗi. Irinsa kuwa kamar ƙura yake, ba ya tsira sai ya haɗu da wata irin fumfuna a cikin ƙasa. Don haka wanda ya haƙe saiwa ya kashe tsiron ke nan.

A Zambiya ana busar da saiwar, a daka, a dafa da garin gyaɗa da toka ko soda da barkono, har ta daskare a yanka kamar nama. Sunan abincin chikanda. Da buƙata ta ƙaru a birane, sai 'yan kasuwa suka tsallaka Tanzaniya neman kaya. Binciken da aka yi a 2001 ya ƙiyasta cewa saiwa sama da miliyan 2 ke ƙetare iyakar duk shekara. A 2005 gwamnatin Tanzaniya ta mayar da tudun Kitulo gandun ƙasa domin kare furanninsa.

Abin lura ga 'yan'uwa fatake shi ne, yarjejeniyar CITES ta shafi dangin okid, kuma fitar da saiwarsa ta daji zuwa wata ƙasa sai da takardar izini. Kafin ka sa kuɗinka a buhun saiwar da ba ka sani ba, tambayi sunanta da inda aka haƙo ta, kada jarinka ya ƙare a hannun jami'an duwan.