Kare ko karya: wanne ya kamata mai ɗaukar yasasshen kwikwiyo ya zaɓa?

Duk wanda ya saba bin lungunan Yamai, Maraɗi ko Damagaram da sassafe ya san wannan kallo: kwali a gefen bola, ƴan kwikwiyo uku ko huɗu a ciki suna kuka, ko ido ba su gama buɗewa ba. In aka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa mata ne. Mazan an riga an raba wa abokai da maƙwabta tun suna jikin uwarsu. Matan ne ba mai so.

A ƴan shekarun nan kiwon kare ya samu karɓuwa wajen matasan birni, wasu don gadin gida, wasu don farauta, wasu kuwa sha'awa ce da suka ɗauko daga Facebook da TikTok. Ƴan ƙasa mazauna Faransa da Beljiyam su ma sukan shiga gidajen ajiye yasassun dabbobi, musamman idan yara sun matsa. Ko a nan ko a can, tambayar farko ɗaya ce: namiji za a ɗauka ko mace?

Abin da ke sa a guji karya ba ɓoyayye ba ne. Tana fara neman barbara tun tana tsakanin wata shida da shekara guda, daga nan kuma abin yana dawowa kusan sau biyu a shekara, kowane karo mako biyu zuwa uku. A kwanakin farko tana zubar da jini, ƙamshinta kuma yana janyo karnukan unguwa su yi sansani a ƙofar gida, da haushi da faɗa har asuba. Idan ta ɗauki ciki, kwana 63 ne kacal ta haihu. Mai gidan da ya ɗauki karya guda don gadi sai ya wayi gari da bakuna shida ko bakwai, alhali hatsin gidan ma da ƙyar yake kai ƙarshen wata. Kwalin nan na gefen bola daga nan yake fitowa.

Sai dai masu gudun karya sukan manta cewa namiji ma yana da nasa lissafin, kuma a titi ake biyan sa. Karen da ba a dandaƙe ba, da zarar ya shaƙi iskar karya mai neman barbara, katanga ba ta tsare shi. Zai haura, ya yi kwana biyu ko uku a waje, ya dawo da kunne a yage. A waɗannan dararen gidan da aka ɗauke shi ya tsare yana nan ba mai gadi. A yawon nan ne yake cizo kuma a cije shi, ta nan kuma ciwon haukan kare ke shigowa gida.

Wannan ciwo ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Saboda haka duk wanda ya tsinci kare a titi, mace ko namiji, wajen likitan dabbobi zai fara kai shi kafin yara su soma wasa da shi. Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafin farko yana da wata uku. In kuma an samu cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko jiran ganin ko karen zai haukace.

Akwai kuma wani ƙari da ke yaɗuwa ta barbara tsakanin karnukan da ke yawo sakaka, wanda ke fitowa a al'aura yana zubar da jini. Shi bai bar mace ba, bai bar namiji ba.

Batun gadi fa? Nan ne al'ada ta fi ƙarfin hujja. Ana ɗauka namiji ya fi zafi, amma mafarauta da makiyaya sun daɗe da sanin cewa karya tana haushi kamar kowane kare, kuma ba ta cika nisa da gida ba. Abin da namiji ya fi ta da shi girman jiki ne, shi ma ba da yawa ba. Karen azawak, wanda sunansa ya fito daga kwarin Azawak da ya ratsa jihar Tawa zuwa Mali, misali ne mai kyau: a ma'aunin da ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya ta amince da shi, namiji yana da nauyin kilo 20 zuwa 25, mace kilo 15 zuwa 20. Ɓarawon da ya leƙo ta katanga da tsakar dare ba zai tsaya auna wannan ratar ba.

Ga mazauna Turai, tambayar tana canza kama. A gidajen ƙungiyar SPA ta Faransa, wadda aka kafa tun 1845, karnukan da ake bayarwa suna fitowa da rigakafi da lambar shaida a ƙarƙashin fata, kuma galibi an riga an yi musu aikin hana haihuwa. Da an cire barbara da haihuwa daga lissafi, bambancin mace da namiji sai ya ragu ƙwarai. Abin da ya rage shi ne halin karen da abin da ya gani a baya: ko an taɓa dukan sa, ko yana tsoron maza masu ɗaga murya, ko ya saba da yara, ko zai iya zama shi kaɗai a ɗaki awa takwas mai shi na wurin aiki. Ma'aikatan gidan sun san waɗannan amsoshi, kuma su ya kamata a tambaya kafin a tambayi jinsi. Doka ma ta hana gaggawa. Tun 1 ga Oktoban 2022, mai son ɗaukar kare ko kyanwa a Faransa sai ya sa hannu a takardar alƙawarin kula da dabbar, sannan ya jira kwana bakwai kafin a miƙa masa ita.

Wuri ɗaya da jinsi ke da nauyi ko a can shi ne gidan da ke da wani kare tuntuni. Masu horar da karnuka sukan ba da shawarar a haɗa mace da namiji. Maza biyu suna iya yin hayaniya su shirya, amma idan mata biyu suka ƙi jinin juna, faɗansu yakan yi muni kuma ya daɗe.

Aikin hana haihuwa kansa ba ɗaya ba ne ga jinsunan biyu. Na namiji ƙaramin aiki ne, cikin ƴan kwanaki ya warke. Yana rage yawo da yawan fitsari a kowace kusurwa, amma ba ya mayar da mugun kare salihi. Na mace sai an buɗe ciki, don haka ya fi tsada kuma yana son kulawa har ɗinki ya kame, abin da ke da wuya a gidan da kaji da awaki da yara ke tsakar gida ɗaya. Amfaninsa kuwa babba ne. Yana kare ta daga ruɓewar mahaifa, ciwon da bincike a Suwidin ya nuna yana kama kusan ɗaya cikin kowace karya huɗu ko biyar da ba a yi wa aikin ba kafin su cika shekara goma. In an yi shi da wuri yana kuma rage hatsarin sankarar nono. Ga manyan karnuka likitoci kan so a ɗan jira ƙashi ya yi ƙwari, don haka lokacin aikin shawarar likita ce.

A garuruwan Nijar, inda ba kowa ke da likitan dabbobi kusa ba, zaɓin ya koma kan gida da aljihu. Mai doguwar katanga da ƙofa mai rufuwa, wanda zai iya tsare karya makonni uku sau biyu a shekara ko ya biya kuɗin aiki sau ɗaya, zai samu mai gadi da ba ta barin gida. Mai zama a gidan haya na tarayya, inda ƙofa ke buɗe dare da rana, namiji zai fi masa sauƙi, da sharaɗin a dandaƙe shi kuma a riƙa sabunta masa rigakafi. Wanda ba zai iya ko ɗaya daga ciki ba, gara ya nemo wa kwikwiyon wani gida tun bai saba da shi ba.